Ranar da Na-Riga-Kowa Ya Kama Bakinsa

Shi ya riga kowa ganin mutumin. Wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Masu shaguna suna ta fama da ƙyamarensu, mai gyaran takalman rumfar kusa ya duƙufa a kan wata dunduniya, shi kuwa tsohon yana goge injin yankan makulli da tsumma. Ɗaga kan da zai yi, sai ya hango shi tun daga bakin titi: baƙin tabarau, riga ta sha guga, jakar fata a hammata.

"Ga shi nan," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Wa?" in ji mai takalma, ƙusa a bakinsa.

"Ba ruwanka. Ci gaba da cin ƙusarka."

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a kasuwar nan. Na-Riga-Kowa ake ce masa, domin babu abin da zai faru a duniya bai riga kowa ganinsa ba. Bai taɓa zama a aji ba, amma rayuwa ta gwada shi ta ko'ina ta gaji ta ƙyale shi. Motar kaya ta taɓa kifewa da shi, ya fito yana kakkaɓe hula. Ambaliya ta tafi da rumfarsa, ya bi ta ya dawo da injinsa a ka. Wani likita ya taɓa cewa a kira danginsa su yi bankwana, ƙarshe shi ya je ta'aziyyar likitan. Ƙarya kam ba ya yi. Sai dai in labari ya zo masa da rama, yakan ɗan ciyar da shi kafin ya sake shi cikin mutane.

Shi ne kuma ya riga kowa gane abin da ke cikin kan jikarsa. Tana ƙarama ta kwance masa rediyo ɗai-ɗai a kan tabarma. Uwarta ta ɗauko bulala, shi ya ce a bar ta a ga gudun ruwanta. Ta mayar da komai, rediyon ya yi magana, har da wata tashar da bai taɓa kamawa ba. Tun daga ranar ta zama 'Yar Waya.

Yanzu 'Yar Waya tana shekarar ƙarshe a jami'a. Abokan karatunta kowa ya kama hanyarsa, wasu kamfanin waya, wasu koyarwa, wasu sun ƙura wa ƙasashen waje ido. Ita kuwa tun ranar da mutanen cibiyar binciken kimiyya ta gwamnati suka je makarantarsu neman ɗalibai, zuciyarta ta tafi can, bayan doguwar katangar nan ta wajen gari inda ake binciken abubuwan tsaron ƙasa. Sukan ɗauki ɗalibi su ƙara masa karatu, su sa shi a hannun manyan masana, su ba shi kayan aikin da a littafi kawai ya taɓa gani. Ta ci jarrabawarsu. Ta zauna gabansu sun yi mata tambayoyi, sun gamsu. Abu ɗaya ya rage: za su turo mutum unguwa ya ji irin gidan da ta fito, ko bakin mutanen gidan yana da murfi. Ba sa faɗin rana, ba sa faɗin ko wane ne. Wani ɗan ajinsu ya rasa gurbinsa a kan haka, saboda kawunsa ya zauna a shagon aski ya zazzage duk abin da ya sani.

Da safen nan ma sai da ta sake tsugunawa a gabansa, tana ɗaure igiyar takalmi.

"Kaka, abu ɗaya nake roƙonka."

"Roƙi goma."

"Ɗayan ya isa. Ka kama bakinka."

"Ni? Ni da mutane ke miƙa wa makullan gidajensu?"

"Makullan ba sa magana, shi ya sa."

Cewa ta nemi aiki a cibiyar ba sirri ba ne, duk kasuwa ta sani tun ranar jarrabawa, shi ya yi shelar. Sirrin shi ne sashen da za a kai ta. An ce kada ta faɗa wa kowa. Ita kuma ranar da ta dawo da murna, ta same shi ya tsoma ƙafa a ruwan ɗumi kamar kullum yana jiran labarin makaranta, sai bakinta ya riga hankalinta. Ta ce na'ura ake ƙerawa a sashen, wadda za ta shinshina kaya a filin jirgi da kan iyaka, ta gane abin fashewa ko guba ba tare da an buɗe ba.

"Shinshina?" ya ce. "Kamar kare?"

"Ta fi kare nesa ba kusa ba."

"Duk karatun nan da kika kwasa, ashe kare za ki karɓi aikinsa."

Ranar ko rediyo bai kunna ba don takaici.

"Wannan ɗin kaɗai, Kaka," ta ce da safen, ba ta ɗago ba. "In ya fita daga bakinka, shi ke nan, sai in je in yi ta gyara wa mutane layin waya har in tsufa." Ya lura igiyar ta kuɓuce mata, ta sake kamawa, ta sake kuɓucewa.

To ga mutumin nan ya iso. A kan bencin rumfar akwai wata mata da ta riga shi zuwa, da silifa da jakar cefane, ganyen albasa ya leƙo ta sama. Kwaɗon ɗakin ajiyarta ta kawo, ta ce makullin ya ɓata, a yi mata wani, ba ta sauri. Tsohon ko kallo na biyu bai yi mata ba. Babban kifi ya shigo, wa zai tsaya kan ƙanana?

Mai tabarau ya yi sallama, ya zaro makulli daga aljihu, ya ce a yi masa irinsa.

"Baba, ka daɗe a wurin nan kuwa?"

Wannan tambaya ta sha cinye wa mutane rabin safiya. Daga ita ake shiga labarin ambaliya, a ratsa ta motar kaya, a sauka a kan likita. Tsohon ya ɗaure makullin a bakin inji.

"Eh," ya ce.

"Sana'ar gado ce?"

"A'a."

Mai takalma ya cire ƙusar daga bakinsa, ya leƙo. "Lafiya kuwa? Ko haƙorin ne ya tashi?"

"Iyali fa?" in ji mai tabarau, yana duba makullan da ke rataye a waya. "Akwai wanda zai gaje ka, ko duk sun gudu makaranta?"

Ka ji shi. Ka ji yadda suke zagayowa ta bayan gida. Tsohon ya ji maganar ta taso masa tun daga cibiya, ta cika ƙirji, ta zo maƙogwaro ta tsaya. Ya haɗiye ta da ƙyar kamar busasshen magani.

"Ai Malam ba ka sani ba," mai takalma ya karɓe, don ya ga abokinsa na neman yin asara, "jikarsa ita ce wadda..."

Tsohon ya danna inji. Ƙarar ta cika rumfar, garin ƙarfe ya yi ta tashi. Mai takalma ya ɗaga murya, tsohon ya ƙara danna makullin a jikin dutsen injin har sai da ya kusa cinye shi. Da mai takalma ya yi shiru, tsohon ya kashe injin. Da ya sake buɗe baki ya sake kunnawa. Gumi ya jiƙa masa hula. Bai sha irin wannan wuya ba ko a ƙarƙashin motar kaya, don a can aƙalla an bar shi ya yi ihu.

Ya goge makullin da magagari, ya miƙa ba tare da ya ce uffan ba. Mai tabarau ya sunkuyo saitin kunnensa, ya ɗaga murya yadda ake yi wa kurma.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara sauƙi."

Tsohon ya bi shi da ido har ya sha kwana. Sannan ya zauna daɓas a kan benci, ya cire hula yana fifita da ita. Mai takalma ya yi fushi ya juya masa baya. Ga magana ta taru kamar ruwa a bayan madatsa, ga babu inda za ta bi. Sai matar nan da kwaɗonta a cinya.

"Baiwar Allah, kin ga mutumin nan da ya tafi?"

"Na gan shi."

"Me kika gani?"

"Mutum da makulli."

Ya yi dariya, ya matso. "Shi ya sa ba kowa ake ba irin idona ba. Ɗan binciken gwamnati ne. Ni aka turo shi ya tatsa. Ya zo da tabaraunsa, ya koma da tabaraunsa."

"Ikon Allah. Me ka yi wa gwamnati, Baba?"

"Jika na ba ta."

Ya karɓi kwaɗon, ya ɗauko sabon makulli, ya fara gwadawa yana gogewa, hannu na aiki baki na aiki. Ya ba ta labarin rediyo. Ya ce a rumfar nan yarinyar ta koyi kimiyya, jami'a hula kawai ta ɗora mata. Matar irin masu sauraron nan ce da Allah ke aiko wa mutum jefi-jefi: ba ta katse shi, ba ta duba agogo, in ya tsaya shan iska sai ta ce, "Sai kuma aka yi yaya?"

Ya ce jirgin sama za ta ƙera musu wanda ba a gani, ko matuƙin sai ya lalubo ƙofar. Ya ce daga kan kujerarta za ta iya kashe wa abokan gaba wutar lantarki suna tsakiyar cin abinci. Ya ce in ta shiga ɗaki manyan sojoji miƙewa za su yi, wanda ya yi nawa a cire masa tauraro ɗaya.

"Oh, Baba. To a can ɗin ai sashe-sashe ne, ko? Ɗan maƙwabciyata ya so shiga, bai samu ba. Ita wane sashe za su kai ta?"

Magagarin ya tsaya.

Amsar tana nan a kan harshensa, a shirye, ita kaɗai ce ma a duk abin da ya faɗa bai sha wahalar ƙera ta ba. Ya hango wani ramammen kare yana cusa hanci a jakar mutane, ya ji kunya ta kama shi a gaban baƙuwa. Ya kuma hango igiyar takalmin nan tana kuɓucewa daga yatsun da ba su taɓa kuskuren waya ba. Wanne ya riga wanne zuwa, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa.

"Sama," ya ce.

"Sama?"

"Sashen sama. Daga gajimare zuwa abin da ya yi gaba, duk a hannunta za a damƙa."

"Ni kuwa na ji an ce masu irin karatunta wajen kayan filin jirgi ake kai su."

"Wanda ya faɗa miki bai san ta ba. Kaya ai aikin 'yan dako ne."

Ya murɗa makullin, kwaɗon ya buɗe da ɗan ƙaramin sauti. Matar ta yi godiya, ta saɓa jakarta, ta bi cikin masu cefane ta ɓace.

Da la'asar ya rufe rumfa da wuri, ya hau motar haya. Duk hanya yana shirya yadda zai ba da labarin, yana ƙara wa mai tabarau tsayi da faɗin kafaɗa. Tun daga bakin ƙofa ya fara.

"Ina 'Yar Waya? Fito ki gaida kakanki. Sun turo shi, na gan shi tun daga titi, na mayar da shi gida da yunwa. Kalma ɗaya..."

A bakin falo akwai silifa da ba na gidan ba. Kusa da su jakar cefane, ganyen albasa ya leƙo.

Matar tana zaune a kujerarsa, tasa ta kansa, da kofin shayi a hannu. Surukarsa, uwar yarinyar, tana tsaye jikin bango da faranti a ƙirji. 'Yar Waya tana bakin kujera, hannaye a cinya.

"Baba, sannunku da dawowa," in ji surukar. "Baƙuwa muka yi daga cibiya. Ta ce kun riga kun gaisa."

Tsohon ya samu kujerar roba ya zauna.

"Makullin yana aiki, Baba," in ji matar. "Yanzu ina da biyu."

"Mai tabarau fa?" ya ce, da wata murya da shi kansa bai san ta ba.

"Ban san shi ba. Ina jin makulli ya zo yankawa."

Ta ajiye kofin, ta juya wajen yarinyar. Muryar ita ce ta safe, amma babu sauran "sai kuma aka yi yaya" a cikinta.

"Na ji za ki ƙera mana jirgin da ba a gani."

'Yar Waya ta rufe fuska da tafin hannu.

"Za ki kashe wa abokan gaba wuta suna cin abinci. Sojoji kuma su yi hankali da taurarinsu."

"Baba," in ji surukar a hankali, "ai da kun bari."

"Na daɗe ina wannan aiki," matar ta ci gaba. "Na zauna da iyaye, na zauna da kawunnai da maƙwabta. Mai shiru ba ya ba ni wahala, in ka iya zama zai yi magana. Kakanki kuwa tun safe nake jiran kalma ɗaya ta gaskiya ta fito daga bakinsa, har na tashi ba ta fito ba. Na tambaye shi sashenki kai tsaye. Na ma ɗora masa rabin amsar a hannu. Ya ce sama."

Ba wanda ya yi dariya, don ba ta gama ba.

"Yanzu ke nake tambaya. Kin faɗa masa?"

Tsohon ya yi ta ƙifta wa jikarsa ido, ya girgiza kai kaɗan, ya yi tari. Ba ta kalle shi ba.

"Na faɗa masa," ta ce. "Ranar da na dawo daga ganawar. An hana ni, na faɗa."

Matar ta gyaɗa kai.

"Na sani. Da kin ce a'a, da a nan muka rabu."

"Yaya aka yi kika sani? Ai kin ce bai..."

"Kafin ya ce sama, ya yi shiru. Duk zaman da na yi da shi, nan ne kaɗai ya yi shiru." Ta miƙe, ta gyara mayafinta. "Wannan shi ne sirri na ƙarshe da za ki kawo gida. Ba shi ba, ba mamanki ba, ba wanda za ki aura ba. Mutane da yawa kan ga kayan aikinmu su yi sha'awa, wannan ɓangaren ne ke korar su. Za ki iya?"

"Zan iya."

"To ki nemi takalmin da babu ƙarfe a jikinsa. Ƙofarmu kuka take yi in ta ji ƙarfe, kuma ba na so a ce wadda na kawo ce ta tayar wa masu gadi hankali ranar farko."

Uwar ta zame jikin bango ta zauna a ƙasa, tana share ido da gefen zane. Tsohon ya ga dama ta samu ya dawo da martabarsa.

"Malama, in kuna da makullan da ke ba ku wahala a can, a kawo. Ba sai an bi layi ba."

"Ba ma amfani da makulli, Baba. Ido ƙofar ke dubawa ta buɗe."

"Ƙofar da ba makulli," ya ce, yana girgiza kai. "A haka kuke tsaron ƙasar."

A nan ne matar ta yi dariya, ta ɗauki albasarta ta tafi.

Surukar ta shige kicin. 'Yar Waya ta kawo masa ruwan ɗumi a roba kamar kullum, ta ajiye, ta zauna a ƙasa kusa da shi. Ya tsoma ƙafa. Wannan ne lokacin da takan ba shi labarin abin da aka koya musu, shi kuma ya gyara wa malamanta kurakuransu.

"Kaka, faɗa mini gaskiya, ko sau ɗaya a rayuwarka. Don ni ka yi shiru, ko kunyar karen ce ta kama ka?"

"Wane kare?"

"Kaka."

"Ni ban san wani kare ba. Ban taɓa jin zancen kare a gidan nan ba."

Ta kalle shi, ta kawar da kai, ta yi ta wasa da bakin robar.

"Ka san in na fara, zan dawo ne kawai in ce maka na dawo. Babu labari."

Ya kalli ƙafafunsa a cikin ruwan. Ya motsa babban yatsa, ruwan ya yi zobe ya kwanta.

"To sai me," ya ce. "Ni zan riƙa ba ki labarin abin da kika yi. Dama nawa ya fi naki daɗi. Ƙaro ruwan zafi, wannan ya huce."

Kashegari tun kafin mai takalma ya sa ƙusar farko a baki, labarin ya riga ya zaga kasuwa, kuma ga yadda yake, yadda ya faru: tun da matar ta zauna a benci tsohon ya gane ta. Kwaɗon sabo ne fil, ya sha mai, wa ya taɓa ganin kwaɗon ɗakin ajiya babu tsatsa? Mai cefanen gaske kuma ba ta cewa ba ta sauri. Shirun da ya yi wa mai tabarau tarko ne ya ɗana mata, ta kuwa faɗa, ya yi ta zagaya da ita sararin sama har ta gaji ta ba jikarsa aiki. Mai takalma ya ce shi dai gumi ya gani. Gumin ma cikin dabarar yake.

Wanda ke musu, hanyar cibiyar ba ɓoyayya ba ce. Ya hau motar da ke zuwa wajen gari, ya sauka a doguwar katanga, ya je wurin mai bindigar da ke bakin ƙofa, ya ce masa ya zo ne ya ji sashen da jikar Na-Riga-Kowa take aiki. In ya dawo da amsa, in ma an bar shi ya dawo a ranar, ga inji nan, ga magagari, ga benci: ya zo ya karɓi rumfar.